Awon Tasirin Kaya Ga Muhalli: Abin Da Ya Shafi Fataken Shanu Da Fatu Na Agege

Legas — Kamfanonin ƙasashen waje masu sayen kaya daga Nijeriya sun daɗe da daina tsayawa kan farashi da inganci kawai. Da yawansu suna neman a faɗa musu yawan ruwa da man da kayan suka ci, da kuma dattin da suka bari, tun daga tushensu har ranar da za a yar da su. Wannan lissafi ya shafi fataken shanu, mahauta da dillalan fatu na Agege kai tsaye.

Idan dai ba a manta ba, kamfanin Coca-Cola na Amurka ne ya sa aka yi ɗaya daga cikin binciken farko irin wannan a 1969, domin kwatanta mazuban lemonsa. A 1997 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ISO 14040, wadda aka sabunta a 2006 tare da ISO 14044. Ƙa'idar ta raba aikin gida huɗu: fayyace manufa da iyakar awon, ƙididdige abin da ya shiga da wanda ya fita, auna illarsa, sannan fassara sakamakon.

Saniyar da ake yankawa a mayankar Oko-Oba da ke Agege ta isa misali. Lissafinta yana farawa ne daga makiyaya, inda ta ci ciyawa, ta sha ruwa, tana fitar da iskar metan daga tumbinta. Wannan iska ta fi iskar kabon riƙe zafi da kimanin sau 28 a cikin shekara ɗari. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013 ya ɗora wa kiwon dabbobi kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan daga shanu ne.

Daga nan sai sufuri. Tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma kowace lita ta man gas tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Alal misali, idan babbar mota ta sha lita 400 ɗauke da shanu 30, ta fitar da kilo 1,080 ke nan, wato kilo 36 a kan kowace saniya. Da irin wannan lissafi ake kwatanta mota da jirgin ƙasa, wanda aka gwada dakon shanu da shi daga Gusau zuwa Legas a 2016.

A mayanka kuwa, ana ƙidaya ruwan wanki, jini da tarosan da ke bin magudanu, da man janareta na ɗakunan sanyi. A nan ne hanya ke rabuwa biyu. Wata fatar akan babbake ta a mai da ita ganda, kuma a wasu wurare da tsofaffin tayoyi ake babbakar, abin da ke cika unguwa da baƙin hayaƙi. Wata kuwa akan sa mata gishiri a tura ta majemun Kano da ke Challawa, Sharaɗa da Bompai, inda ake jeme ta da sinadarin kuromiyom. Idan ba a tace ruwan jimar ba, ƙarshensa kogi ne da gonakin masu noman rani.

Babbar muhawarar masana ita ce yadda za a raba nauyin saniya ɗaya tsakanin nama da fata. Wasu suna rabawa bisa nauyin kowanne a kan sikeli, wasu kuma bisa kuɗin da kowanne ya kawo a kasuwa. Tun da yake kowace hanya da irin adadin da take bayarwa, wajibi ne ɗan kasuwa ya tambayi wadda aka bi kafin ya amince da kowane sakamako, domin adadi biyu da aka samo ta hanyoyi daban-daban ba sa kwatantuwa.

Har ila yau, ana auna kamfani ɗungurungum. Tsarin GHG Protocol na 2001 ya kasa hayaƙin kamfani kashi uku: wanda ya fito daga injinansa da motocinsa, wanda ya biyo wutar lantarkin da ya saya, da kuma na masu kawo masa kaya da masu amfani da su. Kashi na ukun nan ne ke haɗa mai sayar da jaka a Italiya da dillalin ƙiraga na Agege, domin ba zai iya kammala lissafinsa ba sai da bayanin tushen fatar. Ƙungiyar Leather Working Group, wadda aka kafa a 2005, tana binciken majemu kan ruwa, makamashi, sinadarai da asalin fatu, kuma manyan kamfanonin takalma da dama suna fifita majemun da suka sami shaidarta.

A cikin gida ma hukumomi sun matsa. Zubar da guba a garin Koko a 1988 ne ya kai ga kafa hukumar FEPA, wadda NESREA ta gada a 2007. Jihar Legas kuma ta haramta robar zuba abinci ta soso a watan Janairun 2024, saboda toshe magudanun da take yi bayan an yar da ita.

Saboda haka, matakin farko ga ɗan kasuwa ba ya bukatar kuɗi masu yawa: littafi ne da za a riƙa rubuta kasuwar da aka sayo dabba, litar man da mota ta sha, ruwa da gishirin da aka yi amfani da su, da majemar da aka kai fata. Waɗannan bayanai su ne mai binciken zai fara nema, kuma su ne ke nuna wa mai dukiya inda kuɗinsa ke zurarewa.