Me Ya Sa Majigi Ke Jinkirin Kamawa?

A gidajen kallo na ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, jama'a kan biya kuɗi su zauna, majigi ya yi ta jinkiri. Ba lalle ne ya lalace ba. Ƙwan fitilar majigi da yawa na ɗauke da zaiba, wadda sai ta yi zafi ta zama tururi kafin haske ya cika. In janareto ya mutu alhali ƙwan na da zafi, ba ya sake kamawa sai ya huce. Ƙurar hunturu kuwa kan toshe matatar iska, kamar yadda mura ke toshe hanci, har na'urar ta kashe kanta. Saboda haka a riƙa share matata, a kuma bar fanka ta tsaya kafin a zare waya.