Ziriums: Mawaƙin Kano da haramci ya kasa tsare waƙarsa

A tsakiyar shekarar 2009 wata kotun tafi-da-gidanka a birnin Kano ta haramta saurare da sayarwa da kuma yaɗa wasu waƙoƙin Hausa guda 11. Ɗaya daga cikinsu ita ce "Girgiza Kai", ta wani matashi mai suna Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums.

Ziriums yana daga cikin matasan farko da suka rungumi salon hip-hop da harshen Hausa, salon da wasu ke kira gambarar zamani. Kafin sunansa ya fito fili, ya yi aikin haɗa sauti a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, a lokacin da waƙoƙin soyayya na finafinai, wato nanaye, suka mamaye kasuwa.

Bambancin salonsa da nanaye a bayyane yake. Maimakon rerawa da amshi tsakanin saurayi da budurwa, mawaƙin kan jero magana ne da sauri a kan kiɗa, kuma galibi a kan halin da jama'a ke ciki.

Yadda aka shiga takun-saƙa

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a shekarar 2001, jim kaɗan bayan jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. To sai dai al'amura sun tsananta ne a 2007, bayan ɓullar wani hoton bidiyo na wayar salula da ya janyo wa masana'antar fim fushin jama'a.

Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wani tsohon jami'in Hisba, ya shugabanci hukumar. An dakatar da ɗaukar finafinai na tsawon watanni shida, aka kuma gindaya sababbin ƙa'idoji kan rawa da waƙa.

A watan Satumban 2007 aka yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗaurin watanni uku saboda faifansa mai suna "Bahaushiya". A 2008 kuma aka ɗaure Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Shi ma Aminu Ala an kama shi a 2009 dangane da waƙar "Hasbunallahu".

Hukumar dai ta tsaya a kan cewa tana kare tarbiyya da al'adun jama'a ne, kuma malamai da iyaye da dama sun mara mata baya. Su kuwa mawaƙa da 'yan fim suna ganin an wuce gona da iri, an kuma toshe wa dubban matasa hanyar cin abinci.

A cikin wannan yanayi ne Ziriums ya yi "Girgiza Kai". Waƙar habaici ce: tun da an hana taka rawa, sai mai saurare ya wadatu da kaɗa kai. Cikin raha ta taɓo batun kame da ɗaurin da ake yi wa masu fasaha.

Wayar salula ta sauya lissafi

Ikon hukumar ya fi ƙarfi ne a kan abin da ake bugawa a faifai a kai kasuwa. Amma a daidai wannan lokaci wayoyin salula masu Bluetooth sun fara yawaita a hannun matasa. Waƙa takan tashi daga waya zuwa waya, ko ta shiga katin ajiya a rumfar mai cajin waya, ta bar birnin Kano ta isa garuruwa irin su Gwarzo da Kabo da ƙauyukansu ba tare da ta bi ta gaban jami'in tacewa ba.

Sai dai wannan nasara ta zo da tsadarta. Waƙar da ake turawa kyauta tana yaɗa sunan mai ita, amma ba ta sa masa ko kwabo a aljihu, kuma ba shi da damar sayar da ita a fili. Daga baya Ziriums ya koma Abuja da zama, kuma a 2010 ya fitar da kundinsa mai suna "This Is Me" ta intanet.

Abin da ya faru a Puwerto Riko

Ba a Kano aka fara irin wannan ja-in-ja ba. A shekarar 1995 'yan sanda a tsibirin Puwerto Riko sun kai samame shagunan sayar da waƙoƙi, suka kwashe ɗaruruwan kaset na wani kiɗan matasan unguwannin talakawa, bisa zargin batsa da zuga tashin hankali. Wannan kiɗa ne daga baya aka sani da regeton, wanda ake yi da harshen Sifaniyanci.

Ɗaya daga cikin matasan da suka taso a wannan fage shi ne Ramón Ayala, wato Daddy Yankee, wanda harbin bindiga ya raba shi da burinsa na zama ɗan wasa. Waƙarsa "Gasolina" ta 2004 ta fitar da regeton zuwa duniya, kuma a 2023 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya ta cikin waƙoƙin da ake adanawa don tarihi.

Bambancin shi ne, mawaƙan regeton sun samu kamfanoni da babbar kasuwar masu jin Sifaniyanci a Amurka. Takwarorinsu na Kano ba su samu irin wannan gata ba.

Malam Rabo ya bar hukumar bayan sauyin gwamnati a 2011, amma hukumar na nan tana aiki. Gambarar zamani kuwa ta samu sababbin jini irin su ClassiQ da DJ AB, waɗanda ke isa ga masu saurare kai tsaye ta YouTube da TikTok. Tambayar da ta taso tun zamanin "Girgiza Kai" na nan daram: wane ne ke da ikon yanke abin da matashin Bahaushe zai saurara, kuma ta yaya mawaƙi zai ci guminsa?