Zaure a Sabon Gari: Nazarin Sake Gina Matsugunai a Borno Bayan Rikicin Boko Haram

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya, tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gudanar da binciken ɓarnar da rikicin Boko Haram ya yi wa yankin Arewa maso Gabas. An ƙiyasta asarar a kan kimanin dala biliyan 9, kuma kaso mafi tsoka ya faɗa kan Jihar Borno, musamman a ɓangaren gidajen jama'a. Tun kafin wannan lokaci, a 2015, Gwamna Kashim Shettima ya kafa ma'aikata ta musamman domin sake ginawa da tsugunar da jama'a, wadda Babagana Umara Zulum ya fara riƙewa a matsayin kwamishina. Wannan maƙala ta duba wani ɓangare na aikin da alƙaluma ba su cika nunawa ba, wato fasalin gidan da ake mayar wa mutane da kuma abubuwan da ke sa ya zaunu.

Hukumomin agaji sun saba auna aikinsu da yawan ɗakunan da aka rufa wa kwano. Wannan ma'auni yana da amfani ga mai ba da kuɗi, amma bai dace da abin da mutanen ƙasar Borno da ƙasar Hausa suke nufi da "gida" ba. A wurinsu gida tsari ne na shiga da fita. Akwai zaure, inda maigida yake karɓar baƙi, ya ci abinci da maƙwabta, a karɓi gaisuwar mutuwa ko a yi sulhu. Akwai tsakar gida, wadda ita ce duniyar mata, wurin girki da daka da sana'ar cikin gida. Katanga ce ke raba waɗannan biyu da idon mai wucewa. Jerin ɗakunan bulo masu fuskantar titi, komai ƙarfinsu, suna tilasta wa iyali su zauna a tone, shi ya sa abu na farko da mazauna irinsu kan yi shi ne kewaye ƙofa da zana ko tsohon kwano.

Garin Ngarannam, a Ƙaramar Hukumar Mafa, misali ne na ƙoƙarin kauce wa wannan kuskure. Mayaƙa sun tarwatsa shi a 2015, mutanensa suka shafe shekaru a sansanonin gudun hijira. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin jiha suka sake gina shi, aka buɗe shi a watan Oktoba na 2022. Mai zanen ginin, Tosin Oshinowo, 'yar Legas ce, kuma ta tuntuɓi mutanen garin kafin ta tsayar da fasali. Sakamakon haka gidajen suka zo da zaure da fili a ciki, aka kuma gina makaranta da kasuwa da ɗakin shan magani da ofishin 'yan sanda. Garin na Barebari ne, to amma mai nazarin gine-ginen Hausa zai gane wannan zaure nan take, domin tsari ne da al'ummomin biyu suka daɗe suna tarayya a kansa. Abin lura a nan shi ne ɗakin da mai lissafin kuɗi zai fara sokewa, tunda ba a kwana a cikinsa, shi ne wanda ke mayar wa magidanci da matsayinsa a cikin unguwa.

Sai dai gida ba ya tsayuwa shi kaɗai. Abin da ya faru da wutar lantarkin Maiduguri ya nuna raunin gyara matuƙar rikici bai lafa ba: a watan Janairu na 2021 aka fasa turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake fasa su. Daga ƙarshe sai da aka kafa tashar iskar gas mai ƙarfin megawat 50 a cikin birnin, wadda aka ƙaddamar a 2023.

Matsalar gona ta fi wannan tsanani. Yawancin garuruwan da aka mayar da mutane suna kewaye da ramin tsaro, gonakin kuwa suna bayansa. Kisan manoman shinkafa fiye da 40 a Koshebe, kusa da Zabarmari, a watan Nuwamba na 2020, ya nuna abin da fita ke iya jawowa. Magidancin da ya karɓi makullin sabon gida alhali ba ya iya kaiwa gonarsa yana nan a matsayin mai jiran rabon abinci.

Akwai kuma tambayar wane ne mai gidan. A karkarar Borno mallakar fili ta dogara ne galibi ga shaidar Bulama da Lawan da dattawan unguwa, ba ga takarda ba. Rikicin ya kashe wasu daga cikin waɗannan shaidu, ya warwatsa wasu zuwa Maiduguri da Diffa da Minawao ta Kamaru. Idan aka zo rabon gidaje, matar da mijinta ya ɓata, ba a ga gawarsa ba balle a raba gado, ita ce ta fi shiga haɗarin a tsallake sunanta, ko a rubuta na ɗan'uwan mijin a madadinsa.