Kishin Ƙasa a Garin da Aka Kankare Ƙasarsa

Bahaushe kalma ɗaya ya ba su: ƙasar da ake takawa da ƙasar da ake rera wa take. A Dareta, cikin Ƙaramar Hukumar Anka, ta farkon ce ta ci yara a 2010. Maza su kawo duwatsun zinariya gida, a niƙa a injin niƙan hatsi, mata su daka a turmi, ƙurar ta baɗe tsakar gida, nan inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Ashe dutsen cike yake da dalma. Yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Abare da 'Yargalma da Bagega. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankara. Daga baya aka bi gida-gida ana kankare ƙasar ana zuba sabuwa.

To, uban da ya binne 'ya'yansa, baƙi kuma suka riga gwamnatinsa isowa, da wane baki za a ce masa ya yi kishin Najeriya? In an ce don nan aka binne cibiyarsa, ai kowa da inda aka binne tasa, kuma ba wanda aka yi shawara da shi. In kuma kishi ramuwar alherin gwamnati ne, to shi ne ma yake bin bashi.

A ganina hujjar da hankali zai karɓa tana cikin labarin Bagega. A watan Mayun 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗin share garin, sai aka ji shiru, yara na ci gaba da shaƙar guba. Wasu matasa daga Abuja, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka shiga gangami suna tambayar ina kuɗin, har Shugaba Goodluck Jonathan ya sake su a farkon 2013. Baƙon likita tausayi ne ya kawo shi, Allah ya saka masa, amma a gaban hukuma iyakarsa roƙo. Ɗan ƙasa kuwa haƙƙinsa yake nema, domin baitulmalin nasa ne, dokar da ta hau kansa kuma ita ta hau kan minista. Wanda kuka haɗa asusu da doka da shi, ciwonsa ya shafe ka ko ba ka taɓa taka garinsu ba.

Wannan kishin zan iya kare shi a gaban kowa. Na tuta da fareti da ake nema ranar 1 ga Oktoba kuwa, ba ni da hujjar da zan kai wa mutumin Dareta a kansa.