Ma'aunin Zafin Iskar Inji da Dalilin Sauya Shi da Mai Hanzari

Duk injin da ke aiki da fetur, komai girmansa, lafiyarsa ta rataya ne a kan gauraya iska da mai bisa wani mizani sananne, wato kimanin kashi 14.7 na iska, a nauyi, ga kashi 1 na fetur. Kuma da yake ɗabi'ar iska ce ta buɗe idan ta ɗau zafi, har wadda ta kai digiri 60 takan gaza ta digiri 20 nauyi da wajen kashi 12 cikin 100 a mazubi guda, ya zama wajibi ga kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, ta san zafin abin da inji ke shaƙa kafin ta yanke hukuncin yawan man da za ta fesa, da lokacin da filogi zai ba da wuta.

Mai kai mata wannan labari wani ɗan sensa ne da ake dasawa a bututun iska, a bakinsa da wata ƙwaya kamar ta gero, wadda turjiyarta ga lantarki ke raguwa gwargwadon ƙaruwar zafi. Irin na kamfanin Bosch, alal misali, yakan nuna om 2,500 a digiri 20, ya sauko wajen om 320 a digiri 80. Ƙwaƙwalwa kuwa tana tura masa volt 5, daga abin da ya dawo ta yi lissafinta.

To, a nan mas'alar take. Akwai sensan da aka rufe ƙwayarsa cikin kube na tagulla ko roba domin kariya, wanda sai kuben kansa ya yi zafi tukuna ƙwayar ke ji, alhali kuwa a motar da ke da turbo, inda matse iska ke ɗaga zafinta da digiri masu yawa cikin 'yan daƙiƙu da taka totur, wannan jinkiri illa ce babba, domin ƙwaƙwalwa za ta zaci iska na da sanyi, ta bar wuta a gaba, man ya fashe ba bisa ƙa'ida ba, inji ya shiga ƙwanƙwasa, wadda in ta yawaita takan lalata fistin. Akwai kuma akasin haka, wanda mutanen ƙasashenmu masu zafi suka fi haɗuwa da shi: mota ta daɗe a cunkoso da rana tsaka a bazara, ƙarfen da aka ɗaura sensa a kai ya gasa shi, ko bayan an kama hanya iska mai sanyi ta shigo, shi yana nan yana ba da shaidar zafi, mota ta yi nauyi babu dalili. Sabili da haka ne masu gyaran motocin gudu suka fi ƙaunar mai buɗaɗɗiyar ƙwaya, irin na General Motors, wanda iska ke bugun ƙwayarsa kai tsaye ta tsakanin ɗan keji.

Sai dai ina jan hankalin mai niyyar wannan sauyi da babbar murya cewa sensa mai hanzari ba ya ƙara wa inji ƙarfin da ba shi da shi, iyakacinsa ya faɗi gaskiya a kan kari, kuma ko wannan yana da sharuɗɗa. Kowane iri da nasa jadawalin turjiya, na General Motors yana nuna wajen om 3,500 a digiri 20, saboda haka wanda ya sa shi a gurbin na Bosch bai gyara jadawalin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba, lalle ya sayi kuskure mai ɗorewa da kuɗinsa. Muhallinsa kuwa bayan na'urar sanyaya iskar turbo ne, dab da maƙogwaron totur, nesa da ƙarfe mai zafi. Kuma da yake ƙwayar a fili take, tururin baƙin mai da ƙurar hunturu sukan lulluɓe ta su mayar da ita mai nawa, sai a riƙa cire ta lokaci lokaci ana fesa mata ruwan wanke sensa, ba tare da an goge ta da tsumma ko waya ba.