Ɗaukar Hoton Jiragen Masunta: Tsari Da Gyara

Duk wanda ya tsaya da kyamara a kan gadar garin Elmina na ƙasar Gana zai ga jiragen masunta masu fenti iri iri sun cika tafkin Benya, ga kuma sansanin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda daga baya ya zama matattarar bayi. Sabon shiga yakan so ya kwashe su duka a hoto guda, sai hoton ya fito a cunkushe, ido ya rasa inda zai sauka.

Gwanaye sukan zaɓi jirgi ɗaya tak, su sa shi a gefe, su bar fili a gaban goshinsa, watau inda ya nufa. Layin da sama ta haɗu da teku kuwa tilas ne ya miƙe sosai, domin in ya karkace sai a ga kamar ruwan zai malale. Ba a sa shi a tsakiya. Akan ba sama kashi biyu cikin uku in gizagizai sun yi kyau, in kuwa ruwa ne abin kallo, a ba ruwa. Hasken sassafe da na yamma sun fi na tsakar rana. Ran Talata masuntan Elmina ba su fita teku, saboda haka ranar ce ake samun jiragen a daure.

Babbar wahala ita ce sama ta fi ruwa haske. Tun a 1857 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya shawo kan wannan a garin Sète, inda ya ɗauki sama dabam, teku dabam, sa'an nan ya haɗa su a takarda ɗaya. Yau da wayar hannu ake rage hasken sama, a kuma daidaita layin da ya karkace.

Amma fa gyara yana da iyaka. Daidaita haske da datse gefe suna kusantar da hoto ga abin da ido ya gani. Wanda kuwa ya goge tarin ledoji daga gaɓa, ko ya ƙaro jirgin da ba ya wurin, ya ɓata shaida, domin hoton yau shi ne abin da masu binciken tarihi za su dogara da shi gobe.