Ƙullutun Gefen Gwiwa da Ke Kashe Ƙafa: A Daina Kai Shi Sakiya

A Garki da ƙauyukanta, da zarar an ga magidanci yana jan ƙafa, silifa na zame masa, sai ya ɗaga gwiwa sama kafin ya taka, an gama yanke hukunci: ya taka sammu a gona, ko kuma iska ce. In aka shafa gefen gwiwarsa aka ji ɗan ƙullutu, shi ke nan, a kira wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Alhali nan ne wurin da bai kamata aska ta kusanta ba.

A ƙasan gwiwa ta waje, inda ake jin kan siririn ƙashin ƙwauri, akwai jijiyar da likitoci ke kira feroniyal, kwance dab da fata. Ita ke kai saƙo ga tsokar da ke ɗaga tafin ƙafa da yatsu, ita ce kuma ke sa a ji taɓi a bayan ƙafa. Kusa da ita akwai wata ƙaramar gaɓa. Wani lokaci ruwan gaɓar mai yauƙi yakan sami kafa, ya bi wani ɗan reshe ya shige cikin jijiyar kanta, ya taru ya matse ta. Wannan shi ne gangiliyon, irin ƙullutun nan da ke fitowa a wuyan hannu, kuma ba ciwon daji ba ne. A 2003 Dakta Robert Spinner na asibitin Mayo a Amurka da abokan aikinsa suka bayyana yadda ruwan ke bin wannan hanya.

Shi ya sa hudawa ba ta magani. Kamar kududdufi ne da magudana ke zuba masa ruwa: kwashe shi yau, gobe ya cika. Ko likita ne ya zuƙe da allura, yakan dawo. Aikin da ke ɗorewa shi ne tiyatar da za ta datse wannan reshe. Sakiya kuwa, in ba a yi sa'a ba, jijiyar take ƙonawa, a mai da ciwon da ke warkewa ya zama na har abada.

Lokaci ma ba ya jira. Jijiyar da ta lalace tana tofowa ne kusan milimita 1 a rana, tsokar da ta haura shekara ba ta samun saƙo kuma da wuya ta farfaɗo. Watannin da ake ɓatawa wajen turare da shafe-shafe su ne na ceton ƙafar.

Ba kowace ƙafa da ta saki ce gangiliyon ba. Dogon tsuguno wajen aiki, ɗaurin ɗori da ya matse, allurar ɗuwawu da aka yi a karkace, ciwon suga, ciwon baya da kuturta duk suna jawo haka. Hoton sikan, ko MRI, ke rarrabewa. Gwajin farko kuwa ba ya cin ko sisi: a sa mutum ya yi tafiya a kan dunduniya. Da hukumomin lafiya za su nace wa ma'aikatan ƙananan asibitoci a kan wannan gwaji, da an rage masu zuwa wurin ƙwararru bayan aikin gama ya gama.

Duk wanda ƙafarsa ta soma saki, ya nufi Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tun a makon farko.